Sefa Mai Harafin A

Laraba, 14 ga Nuwamba 1979

Mushen da ya koya mana karatun manya ya bar mini wannan kaye, littafin rubutu, ya ce in riƙa rubutu kada hannu ya manta. To, ga shi ina yi, ni Halidu, ko da ba wanda zai karanta.

Yau muka fara dashen albasa a garka. Na zagaya gari tun da safe ina neman ƴan barema, ban samu ko mutum ɗaya ba. Ana gama sallar layya gari ya watse, wasu Sakkwato, mafi yawa Abijan. An bar mu da tsofaffi da mata da awaki. Ni da Illa kawai muka duƙa. Shi kaɗai ne ɗana namiji da ya kai ƙarfi, sauran duk mata ne, sun yi aure. Da muka zauna shan fura sai ya ce, yana kallon ƙwarya, baɗi shi ma yana son ya bi su Abijan. Na yi kamar ban ji ba.

Asabar, 17 ga Nuwamba

Baya. Ko ruku'u da ƙyar.

Litinin, 26 ga Nuwamba

Na samu mutum biyu daga wajen Urno suna neman aiki. Na yi murna, sai da suka faɗi kuɗin wuni. Kusan ninkin na bara. Na ce ko sun zaci rijiyar zinariya nake haƙa? Babban ya ce ƙanensa yana samun fiye da haka a Abijan kafin azahar. Na ce ai nan ba Abijan ba ce. Ya ce: "Kuɗɗin hwa? Ba su ɗaya ba ne?"

Na wuni ina juya maganar.

Kuɗin Sakkwato na gane shi. Naira ce, kuɗin wata ƙasa, sai ka je wurin mai canji a Ƙonni ya juya maka ita, yau ta hau gobe ta sauka. Wannan ba abin ɗaure kai. Amma sefar Abijan ita ce sefar Madawa, hoto ɗaya, launi ɗaya. To ta yaya wunin mutum ɗaya zai yi tsada can ya yi araha nan, alhali rana ɗaya ce ke dukan mu? Na ɗauke su kwana biyu, na sallame su, aljihu ba zai iya ba.

Alhamis, 6 ga Disamba

Na je Madawa wurin Isiyaku, akawun ƙungiyar manoma. Yaro ne mai kirki, sai yawan faransanci. Ya ce ana ba da injin ban ruwa bashi, wanda suke ce wa motopom. Ka kawo wani abu ka ajiye tukuna, su haɗa maka dosiye, wato takardun neman bashi, banki ya cika sauran, ka biya a hankali bayan kowace albasa.

Da na dawo na kira Illa bakin rijiya. Na ce in inji ya zo, ba sauran jan guga, mu faɗaɗa garka har gindin gawon can, rabin amfani nasa. Ya leƙa rijiya. Sannan ya ce in ya zo kafin dashen baɗi, ya zauna. In bai zo ba, kada in hana shi. Na yarda, muka tafa hannu kamar ƴan kasuwa. Tabawa, uwarsa, ta ce ba a ciniki da ɗa. Na ce ita ta san wata hanya? Ta juya ta ci gaba da aikinta.

Juma'a, 21 ga Disamba

Ɗanlami ɗan maƙwabcinmu ya dawo daga Abijan duba uwarsa. Agogo, takalmi mai ƙara, rediyo a kafaɗa har masallaci. Bayan salla ya fito da takardar jika, wato sefa dubu, ya nuna mana wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwata: akwai ɗan harafi kusa da lambobi. Tasa A ce. Ya ce A ta Abijan ce, tamu ta nan H ce. Na duba tawa, H kuwa.

Ashe ba ɗaya ba ne. Ashe shi ya sa.

Sai dai ban san ta wane gefe ba ɗaya ba. Tabawa ta ce mai A ta fi ƙarfi, ba ga uwar Ɗanlami ta yi rufin kwano da ita ba? Illa ya ce shi a ganinsa ta fi sauƙi, tunda Ɗanlami ya ce kwanon shinkafa ɗaya can ya ci kuɗin tuwon gida guda a nan. Na tambayi Ɗanlami, ya yi dariya ya ce shi dai kashewa yake yi. Na kwana biyu ina juyawa. Na tsaya kan maganar Tabawa, don rufin kwano ana ganinsa da ido.

Lahadi, 6 ga Janairu 1980

Na sayar da rago da damman gero kaɗan don kuɗin ajiyar inji. Na yi wata dabara, ban gaya wa kowa ba. Duk takardar da aka ba ni mai H, na kai wa mahauci da mai goro, su ne kuɗin ƴan Abijan ke faɗawa hannunsu, suka musanya mini da mai A. Mahaucin ya ce sai na ɗora masa wani abu a kai. Na ɗora. Na ce a raina ya san darajar abinsa, wannan ma shaida ce.

Tunanina shi ne, in mutanen banki suka buɗe dosiyena suka ga kuɗi masu ƙarfi zalla, za su sa ni gaba.

Talata, 22 ga Janairu

Ban ruwa. Guga, ƙwarya, fangali, guga, ƙwarya, fangali. Ka kai ƙarshen garka, farkon ya bushe. Tafin hannun Illa ya tsage, yana ɗaure shi da tsumma. Ba ya ƙorafi, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Yana aiki kamar wanda ke biyan wani abu ya gama.

Laraba, 13 ga Fabrairu

Ban so rubuta wannan ba.

Na kai kuɗi biron Isiyaku, wato ofishinsa. Na shimfiɗa su kan tebur ɗaya ɗaya, na juya kowace ta gefen harafi don ya gani. Bai gani ba. Sai na nuna masa da yatsa, na ce ya rubuta cikin dosiye cewa duka masu A ne. Ya dube ni, ya dubi kuɗi, ya tambayi yadda aka yi na tara su. Na faɗa masa, har da abin da na ɗora wa mahauci. Ya kama baki, ya fita waje wai tari ya sarƙe shi. Ina jin tarin, ba tari ba ne.

Da ya dawo ya ce: "Baba Halidu, harahin nan ba shi ƙara komi, ba shi rage komi. Shina nuna ƙasar da anka hiddo takardar, shi ke nan. Dala dala ta, ko Abijan ko Buza."

Na ce to me ya sa Ɗanlami ya yi rufin kwano ni ban yi ba? Ya ce ba takarda ce ta bambanta ba, aikin ne. Can akwai masu gonakin koko da masu gini da tashar jiragen ruwa, duk suna neman hannu, suna rige-rigen biya. Nan wa ke neman hannu, in ba ni ba? Na ce to ni ma ina nema, ban samu ba. Ya ce saboda sun tafi can. Na ce to ke nan hannu ya yi ƙaranci a nan, ya kamata albasata ta yi tsada ta biya su. Ya ce a'a, ba haka take tafiya ba. Ya fara zana mini wani abu a takarda, aka kira shi.

Na roƙe shi kada maganar ta fita. Ya rantse. Mahauci ne bai rantse ba. Kafin in iso gida yara na kirana Malam A.

Alhamis, 14 ga Fabrairu

Tabawa ta ce ita ba ta taɓa cewa in je in sayi masu A ba. Gaskiya ne, kuma ya fi ɓata mini rai.

Asabar, 22 ga Maris

Mun haƙe albasa. Alhamdu lillahi, ta yi kai, ja, mai ƙyalli. Amma kowa ya haƙe lokaci ɗaya, dillalai suna taya ta kamar suna taya ƙasa. Na sayar da abin da zai kai mu damina, sauran muka zuba a rudu, ɗakin karan da muke ajiye ta, sai ta yi tsada. Illa ya tambayi labarin inji. Na ce dosiye yana Tawa, yana tafiya.

Alhamis, 17 ga Afirilu

Ina aske a gindin bedi, rediyon wanzami na magana. In na ji daidai, wai babban bankin ƙasashen sefa ya ƙara tsadar bashi, saboda kuɗi sun yi yawa a hannun jama'a, kaya na ta tashi. Na ce wanzami ya tsaya, kada ya yanke ni. Kuɗi sun yi yawa? A hannun wa? Na dubi mutanen da ke zaune, mu bakwai ko takwas, in aka zazzage mu duka ba za a sayi akuya ba. Wani tsoho ya ce watakila an raba ne ranar da muka je jana'iza.

Mun yi dariya. Amma kalmar bashi ta bi ni har gida.

Litinin, 28 ga Afirilu

Madawa. Isiyaku bai yi dariya ba yau, da ma ya yi. Ya ce an dakatar da sababbin dosiye, nawa na ciki. Ba a ƙi ba, an dakatar. Kuma in an buɗe, abin da za a ɗora a kai ya fi na da.

Na ce ya fahimtar da ni da Hausa, ban da zane. Ya ce a manyan biranen bakin teku mutane da yawa albashi suke ci duk wata. Kuɗi sun shigo musu shekarun nan, kaya suka tashi, ma'aikata suka nemi ƙari, aka ƙara, kaya suka sake tashi. To sai banki ya matse bashi don abin ya lafa. Na ce madalla, su matse can. Ya ce ba a iya matse can a bar nan, tunda kuɗin ɗaya ne.

Na ce: "Kai da bakinka kac ce mini aikinmu da nasu ba ɗaya ba ne."

Ya ce haka ne.

"To mu wa ka ba mu albashi? Wa munka roƙa ƙari?"

Ya ce babu. Ya ce can in bashi ya yi tsada, mai gini ya rage ma'aikata, albashi ya tsaya, kaya su sauko. Na ce nan fa, me za a rage? Ya daɗe yana wasa da alƙalami, sannan ya ce nan ba a korar kowa daga aiki, mutum da kansa yake ɗaukar jakarsa.

Na taso. A hanya ina ta tunani, abin ya yi mini kamar gidan da mutum ɗaya ya cika ciki da nama, aka ɗura wa kowa maganin zawo har da wanda ya kwana da yunwa. Amma Isiyaku ya ce kuɗi ɗayan nan yana da amfaninsa, shi ya sa albasata ke zuwa Abijan ba mai canji ya ci rabi a hanya. Wannan ma gaskiya ce. To ina zan kama? A Fabrairu an yi mini dariya don na ce kuɗin biyu ne. Yau an hana ni inji don kuɗin ɗaya ne.

Talata, 6 ga Mayu

Ban gaya wa Illa ba. Ina jin ya sani, ya daina tambaya.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ruwa ya sauka, mun yi shuka. Ƴan tafiya sun dawo noma, gari ya cika, masallaci har waje. Ɗanlami ya zo gaishe ni, ba rediyo wannan karon. Ya ce Abijan ta fara tsami, an tsayar da gine-gine da yawa, an sallami magina, wasu ƴan Keita da Deule suna kwana a kasuwa ba aikin yi. Na ji wani daɗi marar kyau, na ɗaga murya don Illa ya ji daga zaure.

Ashe maganin can ma yana da ɗaci. To wa ya warke? Na tambayi Ɗanlami ko kaya sun sauko. Ya ce shi bai gani ba tukuna.

Illa ya fito ya zauna. Bai tambayi labarin magina ba. Ya tambayi wane aiki ne bai tsaya ba. Ɗanlami ya ce sauke kaya a kasuwa, musamman albasa, don ko gari ya tsaya sai an yi miya, kuma mutanenmu ne ke riƙe da wurin. Na ce Ɗanlami ya gaida uwarsa, ya gane, ya tashi.

Laraba, 30 ga Yuli

Azumi da noma tare. Ba ƙarfin rubutu. Gero ya yi kyau. Na leƙa rudu na tsince ruɓaɓɓu, ba su da yawa.

Juma'a, 19 ga Satumba

Isiyaku ya aiko a ce in zo. Ya mayar mini da kuɗin ajiyata, ya ce ya fi kyau su zauna hannuna, watakila baɗi, watakila baɗin baɗi. Ba takarduna ba ne ma, wasu ne, yawanci H. Na sa su aljihu na taso.

Da la'asar Illa ya same ni ina gyaran igiyar guga. Ya durƙusa yadda bai saba ba.

"Baba, alkawali munka yi."

Na ce na sani. Na ce amma ba laifina ba ne, wasu ne can da ban taɓa gani ba suka ci suka ƙoshi. Ya ce shi ma ba laifinsa ba ne. Na ce ya ƙara mini rani ɗaya. Ya buɗe hannuwansa ya nuna mini. Sai raina ya ɓaci, na ce ya tafi, amma kada ya jira in raka shi, kuma kada ya aiko mini da ko dala, ba na so. Na ce garkar nan ubana ya haƙa rijiyarta, in ta mutu shi ya kashe ta.

Ya ce: "In nis samu, inji za ni saye in kawo. Ba bashi."

Na ce haka kowa ke cewa. Sule ɗan ƙanena haka ya ce, yau shekara nawa, ko sallama.

Na faɗi maganganu da yawa. Tsoro nake ji, shi ke nan. Tsoron in mutu a bakin rijiyar nan da guga a hannu, a rasa wanda zai ɗauke ni sai mata.

Lahadi, 21 ga Satumba

Tabawa ba ta yi mini magana sai ta ajiye tuwo. Yau ta ce in ban sa masa albarka ba, ita za ta sa masa ta mutum biyu.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ya tafi. An gama girbi, an yi sallar layya, shi da Ɗanlami da wasu suka hau kamyo, babbar motar kaya, a bakin hanya. Ban je ba, na tafi zuba irin albasa. Ya biyo ta garka da jakarsa, ya tsaya bakin shinge ya ce ya tafi. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ɗago ba. Ban sani ba ko wannan ya isa albarka.

Da na dawo na ga an taɓa kuɗin inji a inda nake ɓoye su. Kuɗin motarsa ne, Tabawa ta ɗiba ta ba shi. Na mayar da sauran yadda ta ajiye su.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Rabin garka kawai zan dasa bana. Na sake neman ƴan barema, kuɗin ya ƙara hawa, alhali an ce aiki ya tsaya can. Ban gane ba, na daina neman in gane.

Shofar ɗin kamyon da ke ɗaukar albasa ya ce ya ga Illa. Lafiya lau, ya samu shiga cikin masu sauke kaya. Na tambaye shi nawa ake ba su kan buhu, don in sani kawai. Ya faɗa. Na lissafa a raina, in ya sauke kamyo ɗaya da abokansa, ya fi abin da muke samu ni da shi a kwanaki da yawa na jan guga. Albasar ita ce dai. Shofar ɗin ya ce buhunan ne ke kashe su, da ka ga yadda yara ke tanƙwarewa, wasu har sun fara ɗaure ƙugu. Na ce ai ƙarfi gare shi. Na shiga wata magana.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Albasa ta yi tsada, na buɗe rudu. Dillali ya zo da buhunansa da masu ɗinki. Yadda aka saba, sai a cika buhu ya cika, a danna, sannan a ɗora masa tuli a baki a ɗinke da wani ƙyalle, abin da muke ce wa hula. Mutum biyu da ƙyar suke ɗaga shi zuwa kamyo.

Na ce bana ba hula. A ɗinke a bakin buhu.

Dillali ya ce ba a sayen buhu ba hula, sai dai ya rage kuɗi sosai. Na ce ya rage. Ya ce ko na sake jin wani labari ne, Malam A? Masu ɗinki suka yi dariya. Na ce buhunansa tsofaffi ne, ba na so su fashe a hanya a ce albasar Halidu ce ta zube. Ya ce sababbi ne fil, jiya ya sayo su. Na ce na ji, a ɗinke.

Na yi asara, ban san ko nawa ba, ban lissafa ba. Tabawa na tsaye bakin shinge, ba ta tambaye ni dalili ba.

Na gwada ɗaga ɗaya ni kaɗai kafin a loda. Har yanzu da nauyi, amma mutum zai iya miƙewa da shi. Kamyo da yawa ke shiga kasuwar nan, masu sauke kaya ma da yawa. Ban san wanda zai sauke su ba.